Idan Kwamfuta Ta Yi Shiru: Nasiha Ga Mai Koyon Gyara

 Labari ya iso mini cewa ka fara zama wajen gyaran kwamfuta, har mutane sun soma miƙo maka kayansu da hannu biyu, kuma na yi farin ciki ƙwarai, domin duk wanda aka damƙa wa kayan wani an damƙa masa amana ne tare da kayan. Saboda haka nake so ka ara mini kunnenka na ɗan lokaci, mu yi magana a kan wani ƙorafi da ba za ka rabu da jinsa ba muddin kana wannan sana'a. Mutum zai shigo da kwamfutarsa a hammata, ransa a ɓace, ya ce maka ta daina magana, katin sauti ya ƙone. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka karɓi wannan hukunci daga bakinsa ka ɗora aiki a kai, domin a abin da na gani tsawon rayuwata, katin da ake zargi galibi lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani wuri da gaggawa ta hana a duba.

Ka fara sanin aikin katin tukuna, domin ba a gyara abin da ba a fahimta ba. Kwamfuta ba ta san murya ba, lambobi kawai ta sani. Aikin katin sauti shi ne ya karɓi waɗannan lambobi ya mayar da su ƴar wutar da za ta girgiza lasifika har kunne ya ji, idan kuma ka yi magana a makirufo ya juya aikin, ya mayar da muryarka lambobi. A faifan CD ana auna sautin sau 44,100 a kowace daƙiƙa, a aikin bidiyo kuwa galibi sau 48,000. Lokacin da kamfanin IBM ya fito da kwamfutarsa a 1981, ɗan ƙaramin lasifika ne kawai a cikinta mai ƙara kamar ta tsuntsu. Sai a 1987 katin AdLib ya fito daga Kanada, a 1989 kuma kamfanin Creative na ƙasar Singafo, wanda marigayi Sim Wong Hoo ya kafa, ya fito da Sound Blaster, wanda ya mamaye kasuwa shekaru da dama. A wancan zamani da hannu ake saita wa katin lambobinsa, idan kuwa lambarsa ta yi karo da ta firinta, to ranar ba sauran kwanciyar hankali. Daga baya kamfanin Intel ya fito da tsarin AC'97 a 1997, sannan High Definition Audio a 2004, aikin ya koma cikin wata ƴar aisi da aka liƙa a jikin madabod, wato babban allon da komai yake zaune a kai. Idan ka buɗe kwamfuta ka duba kusa da ramukan sauti na baya, sau da yawa za ka gan ta, baƙa, ba ta kai farcen babban yatsa ba, da tambarin ƙaguwa na kamfanin Realtek na Taiwan.

Na kawo maka wannan ne domin ka gane cewa sauti tafiya yake yi zango zango. Yana tasowa daga manhajar da ke kunna karatu ko waƙa, ya bi ta Windows, ya bi ta direba, wato manhajar da ke fassara tsakanin Windows da katin, ya shiga aisi, ya fito ta rami, ya bi waya, sannan ya isa lasifika. Kamar ruwan famfo ne, ɗana: idan ka murɗa bai zo ba, ba ka hawa sama ka fasa tanki, kan famfon kake fara dubawa, sannan ka bi bututu a hankali har ka iske inda ya toshe. Saboda haka ka fara daga waje ka nufi ciki, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kuma sukundireba ta zama abu na ƙarshe da hannunka zai ɗauka.

Kafin ma ka taɓa na'urar, ka ba mai ita wurin zama ka tambaye shi cikin ladabi: yaushe ta daina, kuma me ya faru kafin ta daina? An jona ta da talabijin ne, ko yara sun yi wasa da ita, ko an sabunta Windows, ko an ɗauke wuta tana aiki? Ka bar shi ya gama maganarsa ko da ya yi ta kewaye kewaye, domin rabin gyaran yana cikin bakinsa bai sani ba. Kuma kada ka yi masa dariya idan bai san sunayen abubuwa ba, domin shi ma akwai abin da ya sani wanda kai ba ka sani ba, kuma wanda aka kunyata sau ɗaya ba ya sake faɗin gaskiyar abin da ya taɓa.

Daga nan sai ka duba lasifikar kanta. Tana da wuta? An murɗa muryarta sama? Sannan ka sunkuya ka dubi bayan kwamfutar da idonka, kada ka wadatu da lalube. Ramin nan kore shi ne na lasifika da hedifon, mai ruwan hoda na makirufo ne, shuɗi kuma na shigar da sauti ne daga wata na'ura kamar rediyo ko mikisa. Mutane da yawa sun yi asarar kuɗin mota zuwa wajen mai gyara alhali wayar kore ce aka cusa a ramin shuɗi cikin duhu. Ka riƙa ajiye iyafis ɗaya da ka tabbatar da lafiyarsa a aljihun teburinka, domin da shi za ka raba gardama nan take: idan ya yi magana, laifin lasifika ne ko wayarta. Ka kuma ɗaga kan wayar ka ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikin ƙarfen. Mai zobe biyu na ji ne kawai, mai zobe uku irin na wayar hannu yana ɗauke da makirufo a haɗe, kuma idan kwamfutar mai ramuka biyu ce daban daban, makirufonsa ba zai yi aiki ba sai an samo ƴar wayar nan mai raba shi gida biyu. Idan ramin baya yana aiki na gaba ba ya yi, to mai yiwuwa siririyar wayar da ke haɗa gaban akwatin da madabod ce ta zare, ko kuma tun farko wanda ya harhaɗa kwamfutar bai jona ta ba.

Idan waje ya wanku, sai ka shiga Windows. Ka duba alamar lasifika da ke ƙasan allo ta hannun dama, ko an toshe muryar, ka kuma tuna cewa kowace manhaja tana da nata ma'aunin murya, saboda haka wata tana iya yin shiru alhali sauran suna magana. Abin da ya fi rikita mutane a yanzu shi ne kwamfuta tana da ƙofofin fitar da sauti fiye da ɗaya. Wanda ya jona laftof da talabijin ta wayar HDMI jiya da dare, ko ya haɗa ta da lasifikar bulutut, yau Windows tana iya ci gaba da tura sautin can, ita a ganinta aikinta take yi daidai. Ka buɗe jerin na'urorin fitar da sauti ka zaɓi wadda ake so, shi ke nan. Idan kuma makirufo ne ya ƙi, ka leƙa saitin sirri na Windows 10 ko 11, domin akwai wurin da ake hana manhajoji amfani da makirufo gaba ɗaya.

Sai bayan wannan za ka waiwayi direba. Ka buɗe Device Manager ka nemi sashen sauti. Idan ka ga ɗan alwatika mai ruwan ɗorawa a jikin sunan katin, direban ne ke da damuwa. Idan matsalar ta biyo bayan sabuntawa ne, akwai maɓallin komawa tsohon direba. In ba haka ba, ka cire shi ka sake kunna kwamfutar, sau da yawa Windows za ta mayar da shi da kanta. Idan dole sai an sauko da wani, ka je shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, HP ne ko Dell ko Lenovo, ka nema da lambar samfurinta, kada ka ɗauko daga shafukan nan masu alkawarin gyara komai da dannawa ɗaya, domin da yawansu cuta suke sa wa na'ura. Idan kuwa sunan katin bai bayyana ba sam, ka shiga BIOS ka gani ko an kashe sautin daga can. Kuma a duk wannan tafiya, ɗana, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce gaba, domin wanda ya taɓa abu biyar a tare, ko ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, gobe in an kawo irinta zai sake komawa lalube. Sannu ba ta hana zuwa.

A nan zan ja kunnenka da kyau a kan fomatin. Na ga samari da yawa da zarar abu ya ɗan gagare su sai su ce a goge komai a sake zuba Windows, domin ita ce hanya mafi sauƙi a gare su. Amma a cikin wannan na'ura akwai hotunan mahaifin wani da ya rasu, akwai kundin binciken ɗalibar da ta shekara tana rubutawa, akwai lissafin bashin ɗan kasuwa. Wanda ya zo neman a dawo masa da murya bai ba ka izinin share masa tarihinsa ba. Idan har ya zama ba makawa, ka gaya masa, ka kwashe masa kayansa a wani wuri, ya gani da idonsa, sannan ka fara.

Wani lokaci kuma sautin yana nan, amma da gurnani a ƙarƙashinsa. Wutar lantarkinmu a Najeriya da Nijar tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma ita ce kake ji tana ruri a lasifika idan wayar ƙasa ba ta da kyau, ko an jona kwamfuta a soket ɗaya lasifika a wani. Gwajin ba shi da wuya: ka zare cajar laftof ka bar ta a kan batir, idan rurin ya ɗauke ka san daga wuta yake, musamman in caja ce ta jabu ko ana kan janareta. Ka haɗa su duka a soket ɗaya, ka nisanta wayar sauti da wayar wuta, amma kada ka kuskura ka karya ƙafar nan ta uku ta fulogi don rurin ya tafi, domin ita ce ke tsare ran mutum ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe. Idan kuma ƙarar tana zuwa ne lokacin da ka motsa kan wayar, to ramin ne ya saki ko ƙura ta cika shi. In za ka buɗe akwatin, musamman lokacin hunturu da iska ke bushewa har tufafi na tartsatsi, ka zare wuta tukuna, ka taɓa ƙarfen akwatin da tafin hannunka, ka riƙe kati ta gefunansa, domin ɗan tartsatsin da kai ba ka ji ba ya isa ya kashe aisi.

Za su zo maka kuma masu ɗaukar tafsiri da azumi, da yaran situdiyo masu waƙa. Ka gaya wa na masallaci kada su taɓa jawo waya daga inda amfilifaya ke ciyar da manyan lasifikoki su cusa a ramin makirufo, domin ƙarfin wutar ya fi ƙarfin katin nesa ba kusa ba, kuma a nan ne yake ƙonewa da gaske. Daga ramin fitar da sauti na mikisa ake ɗauka zuwa ramin shuɗi. Ka nuna musu a manhajar Audacity, wadda kyauta ce, cewa idan ma'auni yana dukan ja muryar ta fashe ke nan, kuma abin da ya fashe wajen ɗauka ba ya ɗinkuwa daga baya. Na situdiyo kuwa, idan makirufonsu irin mai kondensa ne, yana bukatar wuta bolt 48 wadda ramin kwamfuta ba ya bayarwa, sai an sayi akwatin sauti na USB irin su Focusrite Scarlett. Kai ma ka tausaya wa kunnenka, ka rage murya kafin ka ɗora hedifon a kai, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa babba kada ya wuce awa 40 a mako yana sauraron ƙarar da ta kai desibel 80, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

To idan ka bi duk waɗannan zangon ka tabbatar aisin ta mutu, ba sai an canza madabod ba. Akwai ɗan katin sauti na USB mai girman yatsa, mai araha, da zarar an soka shi murya ta dawo. Ka gaya wa mai kaya wannan ko da ribarka za ta ragu. Haka nan ranar da ka tarar muryar kawai aka toshe, ka danna sau ɗaya ta dawo, kada shaiɗan ya raɗa maka ka ce ka canza wani abu a ciki. Ka nuna masa wurin da yatsanka domin gobe ya gyara da kansa, in ya ba ka na goro ka karɓa ka gode, in bai bayar ba ka sallame shi da fara'a. Kuɗin ƙarya kwana kaɗan yake yi a aljihu, amma mutumin da ka gaya wa gaskiya shi zai kawo maka ƙaninsa da maƙwabcinsa da abokin aikinsa, kuma da irin waɗannan ake gina shago mai daɗewa.

Allah ya ba ka haƙuri da natsuwa, ɗana, ya sa albarka a hannunka, ya ciyar da kai da halal.