Tsohuwar Mota da Tattalin Mai

Jama'a, darasinmu na yau a kan motocin shiga daji ne, irin su Land Rover da Land Cruiser. An fara ƙera Land Rover a Ingila cikin 1948. Land Cruiser kuwa ta Japan ce, ta sami wannan suna cikin 1954. Har yanzu tsofaffinsu suna aiki a ƙauyukanmu. Su ke kai hatsi kasuwa, su ke ɗauko majiyyaci da damina sa'ad da hanya ta ɓaci. Ƙarfi gare su, amma akwai su da shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Nijeriya cikin watan Mayu na 2023, mai ya yi tsada ƙwarai. Mai motar da bai iya tattali ba, tilas ya jingine ta. In kuwa ya jingine ta, dukan ƙauyen ne ya yi hasara.

Mene ne oktan?

A cikin injin mai shan fetur, fistin ya kan matse mai da iska wuri ɗaya, sa'an nan fulogi ya ba su wuta. Ana so su ci a hankali, su tura fistin ƙasa. Amma in man ya kasa jure matsi da zafi, sai wani sashe nasa ya fashe da kansa tun wutar fulogi ba ta iso gare shi ba. Nan ne za mu ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman wajen hawan tudu da kaya. In aka ƙyale wannan ƙara, kwana a tashi ta kan cinye fistin.

To, oktan shi ne ma'aunin jimirin fetur. Da lamba ake faɗinsa, kamar 91, ko 95, ko 98. Mai babbar lamba ya fi jure matsi. Amma ku lura, jimiri dabam, ƙarfi dabam. Ƙarfin da ke cikin lita ɗaya na mai lamba 91 kusan daidai yake da na mai lamba 98.

Wane mai ya dace?

Injin tsohuwar Land Rover ba ya matsa mai ainun. Ya kan matse shi ya koma kashi 1 cikin 7 ko cikin 8 na wurin da ya cika. Yawancin ƙananan motocin zamani su kan kai 1 cikin 10, ko fiye. Don haka fetur mai lamba 91 ya ishi tsohuwar mota. Wanda ya saya mata mai lamba 98, ko ya zuba maganin ƙara oktan na kwalba alhali injinsa ba ya ƙara, ya zubar da kuɗinsa ne kawai. Ba za ta ƙara gudu ba, ba kuwa za ta rage shan mai ba.

Abin tsoro shi ne man da aka gauraya da kananzir, irin wanda a kan gamu da shi wani lokaci a galan bakin hanya. Kananzir ba shi da jimiri, ya kan kashe oktan ɗin fetur. Araha ba ta ado. Mu sayi mai inda muka amince.

Wuri da lokaci ma suna da tasiri. Zafin bazara a Sakkwato ko Maiduguri ya kan sa injin ya fi saurin yin ƙara. A kan tudun Jos kuwa, wanda ya kai wajen mita 1,200 bisa teku, iska ba ta da kauri, ƙarar ta kan ragu.

Akwai wani abu kuma. A da ana sa dalma cikin fetur don ƙara oktan. Dalma guba ce, ta fi cutar da yara. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara sun bar ta a farkon 2006, duniya duka ta bar ta cikin 2021. Amma dalmar nan ta kan tsare mazaunin bawul na tsofaffin injuna daga ci. Saboda haka mu riƙa sa makaniki ya duba bawul a kan kari. Ran da aka kwance kan injin, sai a sa mazauni mai tauri.

Ina mai ke zurarewa?

1. Taya. Mu kan rage iska don ratsa rairayi. In mun hau kwalta, lalle mu mayar da ita, gama taya mai laushi tana jan mai.

2. Giyar ƙafa huɗu. Ta taɓo ce da yashi. Motar da ake iya cire mata ita, a cire a kan hanya mai kyau.

3. Matatar iska. Ƙurar hunturu ta kan toshe ta, injin ya shaƙe, ya sha mai fiye da kima. Irin wadda ke da mai a gindinta, a wanke ta, a sake mata mai.

4. Fulogi, da taimin, da kafireta. In wuta ta zo da wuri, injin ya yi ƙara ko da man kirki ne. In ta makara, mai ya ƙone a banza.

5. Ƙafar direba. Gaban motocin nan kamar bango yake. In gudu ya ninka biyu, turin da iska ke yi musu ya ninka huɗu. Kaya a kan rufi su kan ƙara wannan turi. Sannu ba ta hana zuwa.

6. Tsayuwa. In za a daɗe ana lodi, a kashe injin.

Yadda za mu auna

Kada mu dogara ga tsammani. Mu cika tanki, mu rubuta lambar da agogon tafiya ya nuna. Bayan kwanaki mu sake cikawa, mu rubuta lita nawa ya ci, da sabuwar lambar agogo. Sai mu raba nisan da yawan litar. Misali, mota ta yi kilomita 240, ta sha lita 40. Watau kowace lita ta kai ta kilomita 6. In bayan gyara lita 40 ɗin nan ta kai ta kilomita 280, an sami kilomita 7 ke nan, ribar kilomita 40 ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Ran da lissafin ya faɗi haka kawai, motar ce ke gaya mana tana son makaniki.

Tambayoyi

1. Me lambar oktan ke aunawa?
2. Don me ba a son kananzir cikin fetur?
3. Mota ta yi kilomita 150 da lita 30. Kilomita nawa ta yi da kowace lita?