Abin Da Ke Shanye Batirin Mota Tana Tsaye

Wata asubahin Litinin, wajen ƙarfe huɗu, wani maƙwabcina a Bekaji ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Ɗansa ne zazzaɓi ya rufe, yana so ya kai shi Asibitin Ƙwararru na Jimeta, ga mota a ƙofar gida ta ƙi tashi. Muka tura, muka tura, sai da ƙyar ta kama. Da gari ya waye aka bincika, ashe 'yar fitilar rufin mota ce yara suka kunna tun ran Juma'a da la'asar, ba wanda ya lura. Yaron dai ya warke, alhamdu lillahi. Amma abin ya sa na ga ya kamata mu yi darasi a kan wannan, domin da yawa cikinku za su zama malamai a ƙauyukan da ba makaniki kusa.

Da fari mu san mene ne batir. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wanda a ke sa wa mota cikin 1859. A cikinsa akwai ɗakuna shida, kowane da fallayen darma a jiƙe cikin ruwan asid. Kowane ɗaki yana ba da bolt 2 da 'yan kai, watau batir cikakke yana nuna bolt 12.6. Dā da hannu a ke juya injin mota kafin ta tashi, sai cikin 1912 motar Cadillac ta Amurka ta fito da sitata mai aiki da lantarki. Tun daga nan tashin mota ya rataya a wuyan batir.

To, ku ɗauki batir kamar randa. Muddin inji yana aiki, akwai wata na'ura, altaneta, wadda fambel ke juyawa, tana zuba wa randar nan ruwa. Da an kashe inji mai zuba ruwa ya tafi gida. Daga nan duk abin da aka bari a kunne, ko fitila, ko rediyo, ko fanka, ko cajar waya, ɗiba kawai ya ke yi.

Ga lissafin, ku ɗauko alli. Cin kowane ƙwan fitila da wat a ke auna shi. In ka raba wat da bolt 12, sai ka sami amfiya nawa ya ke ja. Batirin ƙaramar mota ya kan ɗauki kamar amfiya-awa 60, watau in ana jan amfiya ɗaya zai yi wajen awa 60 kafin ya ƙare.

Misali na farko: fitilun gaba biyu, kowace wat 55, da ƙananan fitilu huɗu, kowace wat 5. Jimla wat 130. Raba da 12, ka sami kusan amfiya 11. Cikin awa biyar da rabi randa ta bushe ƙarƙaf. Tun ma kafin haka mota za ta ƙi tashi, gama sitata tana bukatar amfiya fiye da ɗari a lokaci guda.

Misali na biyu shi ne na maƙwabcina. Fitilar rufi wat 10 ce kacal, ba ta kai amfiya ɗaya ba. Amma daga ƙarfe huɗu na yammacin Juma'a zuwa ƙarfe huɗu na asubahin Litinin awa 60 ne. Ku buga: ta shanye amfiya-awa 50 daga cikin 60. Hausawa sun ce da yayyafi kogi kan cika. Haka kuma da yoyo randa kan ƙare.

Hasarar kuwa ba ta tsaya ga wahalar turi ba. Duk sa'ad da batir ya sauka ƙwarai, wani farin gishiri ya kan lulluɓe fallayen darma. In ya daɗe a haka sai gishirin ya sandare, caji ba ya narkar da shi, batir ba zai ƙara riƙe wuta kamar dā ba. Ga kuma zafin Yola cikin Maris da Afrilu, wanda kan wuce digiri 40, yana ƙone ruwan batir, yana rage masa kwana.

Maganin abin kuwa kyauta ne. Ga shi:

1. Kafin ka kashe inji, kashe fitilu da rediyo da fanka, ka zare cajar waya. A waɗansu motoci raminta yana da wuta ko an cire makulli.

2. Kada ka zauna kana jin labaru a rediyon mota awa da awanni inji na kashe.

3. In ka kulle mota, zagaya ta sau ɗaya. Duba gaba, duba baya, leƙa rufi, taɓa ƙofofi ka tabbata sun rufu, har da but, gama shi ma yana da tasa fitila.

4. In za ka ajiye mota tsawon hutu, kwance kan batir mai alamar ɗebewa (−).

5. In batirinka mai marafai ne, duba ruwansa kowane wata. In ya ragu, ƙara tataccen ruwan batir, ban da na rijiya, ban da asid.

In kuwa ƙaddara ta riga fata, ka sani mota mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi. Sai a jona da batirin wata: jan waya daga (+) zuwa (+), baƙar waya daga (−) na mai rai zuwa ƙarfen injin matacciya. Kada a kusato da ashana ko taba, domin batir yana fitar da iska mai kama wuta. Bayan ta tashi, a kai batirin wurin mai caji ya cika sosai.

Aikin yi: Direba ya bar rediyo mai cin wat 24 a kunne daga ƙarfe takwas na dare zuwa ƙarfe shida na safe. Amfiya-awa nawa ya rage a batir mai 60? Ku gwada wannan da 'yan ajinku ran da kuka fita koyon koyarwa, sa'an nan ku ce kowa ya kai wa mahaifinsa amsar.