Amsoshin Tambayoyinku: Dalilin da Annoba Ke Tsananta a Wani Yanki Fiye da Maƙwabcinsa

Wani mai sauraro daga Magariya ya tambayi dalilin da annoba ke yi wa wani yanki kaca-kaca ta bar maƙwabcinsa, da kuma ko gwajin jini na iya bayyana hakan.

Sanƙarau da ya ɓarke a jihar Damagaram ya isa misali, domin daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu, 18 suka rasu, kuma gundumar Dungas ce ta ɗauki fiye da rabin adadin, alhali Magariya, wadda aka ɓalle Dungas daga jikinta a 2011, ba ta kai kashi ɗaya cikin goma ba. Cunkoson ɗakin kwana, da ƙurar hunturu mai busar da maƙogwaro, da zirga-zirgar kasuwannin iyaka da Jigawa duk suna taimaka wa yaɗuwar cutar, sannan allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 tana kare nau'in A ne kaɗai, sanƙarau na wannan ɓarkewar kuwa galibi nau'in C ne.

Game da gwajin jini kuwa, gwajin garkuwar jiki yana neman sinadaran da jini ke ƙerawa bayan ya haɗu da ƙwayar cuta, don haka yana tona waɗanda suka kamu ba su je asibiti ba, kamar yadda ya nuna a birnin New York a 2020 cewa korona ta fi addabar unguwannin talakawa. Sai dai ba kasafai yake bambanta wanda ya kamu da wanda aka yi wa rigakafi ba, likitoci kuma suna tabbatar da sanƙarau ne da ruwan laka da ake ɗiba daga gadon bayan majinyaci.