Darasi na Goma Sha Biyu: Fita da Yara a Lokacin Hunturu a Birnin Landan

Kalmar hunturu a ƙasar Hausa tana nufin lokacin sanyi da busasshiyar iska da hazo, sa'ad da yara kan taru su hura wuta da sassafe suna jin ɗumi. Da wannan kalma ce kuma Hausawa mazauna Turai suke kiran lokacin sanyin can, ko da yake yanayin ya bambanta ƙwarai. A Landan hunturu yakan zo da yayyafi da laima da gajeruwar rana. A wajajen 21 ga Disamba, rana kan fito bayan ƙarfe 8 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4 na yamma, wato hasken yini bai cika awa 8 ba, alhali a Kano ya haura awa 11 a wannan rana.

Saboda haka iyalai da yawa, musamman waɗanda ba su daɗe da zuwa ba, sukan kulle 'ya'yansu a ɗaki tun daga Nuwamba har zuwa Maris. Dalilansu biyu ne: tsoron sanyi da tsoron kashe kuɗi. To amma zaman ɗaki na wata da watanni yana da nasa lahani. Manyan likitocin gwamnatin Birtaniya sun ba da shawarar cewa yaron da ya fara tafiya, har zuwa shekara 5, ya riƙa motsa jiki na aƙalla minti 180 a kowace rana. Da wuya ƙaramin falo a saman bene ya ishi yaro yin haka. Yaron da bai yi guje-guje da rana ba kuwa, shi ne mai rigima da dare.

Game da kuɗi, gaskiya ne kasuwannin Kirsimeti da filayen zamiya a kan ƙanƙara suna da tsada. Sai dai Hausawa na cewa da rashin tayi akan bar arha. Manyan lambunan birnin duk kyauta ake shiga, kuma yaran da ba su kai shekara 11 ba ba sa biyan kuɗin bas. A lambun St James's, kusa da fadar Buckingham, akwai tsuntsayen kwasa-kwasa, waɗanda aka fara kawowa a 1664 a matsayin kyauta daga jakadan Rasha. A Richmond Park akwai bareyi sama da 600 da ke yawo a sake, kuma da yake itatuwa sun zubar da ganye, hunturu ne lokacin da aka fi hango su. Sharaɗi ɗaya shi ne a tsaya nesa da su da kimanin mita 50. Haka nan akwai gonakin cikin gari irin su Mudchute da ke gabashin birnin, inda yara kan ga tumaki da awaki da jakuna ba tare da an biya ko sisi ba.

Ba lallai ne a yi nisa da gida ba. Kusan kowace unguwa tana da lambu ko tafki inda agwagi ke taruwa. Masu kula da hanyoyin ruwa sun fi son a ba su masara ko latas ko koren wake ko dafaffiyar shinkafa maimakon burodi, domin burodi yakan cika musu ciki ba tare da ya gina jikinsu ba. A ƙarshen watan Janairu kuma, ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB kan gayyaci jama'a su ware awa ɗaya su ƙidaya tsuntsayen da suka gani a bayan gida ko a lambu, su aika mata da sakamakon. Tun 1979 ake wannan ƙidaya, kuma takarda da fensir kawai take bukata. Ta nan yaro kan koyi lissafi da haƙuri da sunayen tsuntsaye.

Dusar ƙanƙara ba ta cika zuba a Landan ba, kuma idan ta zuba ba ta daɗewa. Don haka ranar da gari ya waye fari fat, sai a gaggauta. Yara kan hau tudun Primrose Hill ko na Greenwich su gangaro a kan faifan roba, ko su dunƙula ƙanƙarar su gina mutum-mutumi, su yi masa hanci da karas.

Duk wannan ba zai yi daɗi ba sai da shiri. Riguna biyu ko uku marasa kauri, ɗaya a kan ɗaya, sun fi babbar riga guda riƙe ɗumi. A haɗa da hula da safar hannu da dogon takalmin roba, waɗanda ake samu da araha a shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji. A fita tsakanin hantsi da azahar, a riƙe shayi ko kunu a filas, a komo gida da zarar tufafin yaro sun jiƙe ko ya fara rawar ɗari.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, kada a bar yaro ya taka tafkin da ya daskare, komai kaurin da ƙanƙarar ta nuna a ido. A Disamba 2022 yara huɗu sun rasu bayan da ƙanƙara ta fashe da su a wani tafki a Solihull, kusa da Birmingham. Na biyu, daga Oktoba zuwa Maris hasken rana a Birtaniya ba shi da ƙarfin da zai sa fata ta samar da sinadarin bitamin D, wanda ƙashi ke bukata. Hukumar lafiya ta NHS ta shawarci a riƙa ba yara 'yan shekara 1 zuwa 4 maikurogiram 10 na sinadarin kullum, kuma masu baƙar fata sun fi kowa fuskantar ƙarancinsa. Fita waje tana ƙarfafa jiki, amma ba ta maye gurbin wannan ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Ma'anar Kalmomi

laima: danshin da ke cikin iska ko ƙasa
kwasa-kwasa: babban tsuntsun ruwa mai dogon baki da jaka a ƙarƙashinsa
gwanjo: tufafin da aka taɓa sawa ake sake sayarwa
rawar ɗari: karkarwar jiki saboda sanyi

Tambayoyi

1. Ta yaya hunturun Landan ya bambanta da na ƙasar Hausa?
2. Waɗanne dalilai ne ke sa iyaye su hana yara fita, kuma wace amsa darasin ya bayar?
3. Bayyana ma'anar karin maganar "da rashin tayi akan bar arha", ka yi amfani da ita a jimla.
4. Rubuta sakin layi ɗaya a kan yadda yara ke wasa a lokacin sanyi a garinku.