Wasiƙa ga 'Ya'yana Masu Neman Gurbi a Jami'a



'Ya'yana, da zarar sakamakon JAMB ya fito, tambaya ɗaya ke yawo a gidajenmu: "Na ci 230, zan samu?" Duk wanda ya ba ku amsa nan take, da e ko da a'a, bai yi muku adalci ba. Maki shi kaɗai ba ya faɗin komai, sai an san wace jami'a, wane kwas, daga wace jiha, kuma mutum nawa ne ke gabanka a layin. Wannan lissafin nake so ku iya yi da kanku, tun kafin ku cike fom.

Mu fara da abin da ke yawan ruɗin ku. A kowace shekara hukumar JAMB da shugabannin makarantu kan zauna su tsayar da mafi ƙarancin makin shiga jami'a: 140 a 2024, 150 a 2025, cikin 400. Wannan adadin izinin tsayawa a bakin ƙofa ne kawai. Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero tana da nata ma'aunin a sama da shi, kowane sashe a cikinta kuma yana da nasa. Makin da zai kai ka sashen koyar da ilimi ko aikin gona cikin sauƙi, a sashen likitanci ko kallonsa ba za a yi ba.

Ku san kuma inda kuka tsaya a cikin taron. A 2024 sama da mutum miliyan 1.8 aka fitar wa sakamako. Kusan uku cikin huɗu ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika dubu tara ba. Ke nan mai 230 ya yi ƙoƙari, ya wuce mafi yawan 'yan ƙasa. Sai dai ba da dukan 'yan ƙasa yake takara ba. Idan ya zaɓi likitanci, ya kai kansa wurin da masu 280 da 300 suka taru. Kujerun nan kuma ƙidayayyu ne: hukumar kula da aikin likita ke ƙayyade ɗaliban da kowace jami'a za ta horar, kamar yadda majalisar koyar da aikin lauya ke yi wa sashen shari'a. Ko shugaban jami'a na son ka, ba shi da ikon ƙara kujera yadda ya ga dama.

Sai batun rabon gurabe, wanda da yawa daga cikinku ba su taɓa jin sa ba. A jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin ɗari na cancanta ne zalla, ko daga ina ɗalibi ya fito. Kashi 35 na jihohin da ke yankin jami'ar ne. Kashi 20 kuma an ware wa jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma yawancin jihohinmu na Arewa suna cikinsu. Ƙofofi uku ke nan, kowace da layinta. Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ɗan Kano da ke neman Bayero yana gogayya da dubban 'yan uwansa Kanawa a ƙofa guda, alhali da ya nemi wata jami'ar tarayya da 'yan jiharsa ba su cika nema ba, wataƙila layinsa ya fi gajarta. Ban ce kowa ya bar gida ba, musamman ku 'yan mata da iyaye ke da nasu uzurin. Amma a sa wannan a ma'auni, kuma a tabbata jihar da aka rubuta a fom ita ce ke kan takardar shaidar ƙaramar hukuma.

Makin JAMB ma ba shi ne ƙarshen magana ba. Jami'o'i da yawa suna haɗa shi da jarrabawar tantancewa ta Post-UTME, wasu kuma da darajar sakamakon WAEC ko NECO. Ga misali a jami'ar da ke raba lissafin biyu daidai: a raba makin JAMB da 8, a raba na tantancewa da 2, a haɗa. Mai 240 da ya ci 60 cikin ɗari a tantancewa ya tashi da 30 da 30, wato 60. Mai 208 da ya ci 76 ya tashi da 26 da 38, wato 64, ya sha gabansa. Na ga yara da dama sun ajiye littafi ranar da suka ga makinsu mai kyau, suna ta karɓar barka, har na bayansu suka wuce su. Kowace jami'a da tsarinta, kuma yakan canja. Ku neme shi a shafin jami'ar na wannan shekarar, ku tambayi ɗaliban aji ɗaya na sashen da kuke so nawa suka ci, mutum biyar ko shida, ba ɗaya ba. Idan makinka ya yi ƙasa da na dukansu, ka sami amsarka.

Akwai waɗanda maki bai kayar da su ba, sakaci ne. Ana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO da suka haɗa da Turanci, a yawancin kwasa-kwasai kuma har da lissafi. Ga likitanci, jami'o'i da dama na son su a zaman jarrabawa ɗaya. Mai son injiniyanci da bai rubuta lissafi a JAMB ba ya fita tun ba a fara ba, haka ma a jami'o'i da yawa mai son shari'a da ba shi da adabin Turanci. Tun 2017 duk gurbi ta tsarin CAPS na hukumar JAMB yake bi, kuma wanda bai ɗora sakamakonsa na sakandare a can ba, jami'a ba ta iya miƙa sunansa. Kada ku bar wa mai shagon intanet zaɓin darussa ko na jami'a. Ku zauna kusa da shi, ku karanta abin da ya shigar. Ku kuma sani manyan jami'o'in nan kusan ba sa waiwayar wanda ya sa su zaɓi na biyu.

Wanda ya ce ku kawo kuɗi yana da hanya, ku guje shi. Gurbin da bai bayyana a CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba, kuma matsalar takan taso ne bayan shekaru, lokacin tafiya bautar ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron da zai shekara uku ko huɗu a gida yana maimaita jarrabawa saboda likitanci, domin Baba ya riga ya gaya wa dangi ɗansa likita zai zama. Ku girmama burin iyaye, amma ku kai musu lissafin a rubuce, cikin ladabi, su gani da idonsu. JAMB na ba da damar canja kwas ko jami'a bayan sakamako ya fito. Ga jami'o'in tarayya da aka kafa a 2011 a Dutse, Dutsin-Ma da Kashere, da na 2013 a Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa, ga na jihohi. Ga jarrabawar IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ga NCE da difloma, waɗanda ke kai mai sakamako mai kyau aji biyu kai tsaye. Idan tazararka da makin sashen kaɗan ce, kuma ka san inda ka yi rauni, sake zama sau ɗaya ba laifi ba ne, muddin shekarar za ta tafi a karatu. Idan tazarar ta kai maki sittin ko saba'in, ka canja hanya bana, kafin a rufe damar canjin.

Ku gaishe mini da iyayenku. Allah Ya yi muku zaɓi mafi alheri.

Wassalam,
Malaminku