Amsoshin Tambayoyinku: Gani Odutokun

Wani mai sauraronmu daga Yelwa ta Yauri yana son sanin ko an taɓa samun mai zanen shimfiɗar ƙasa da ya koyar a Arewa.

Ƙwarai kuwa, malam. Akwai marigayi Gani Odutokun, ɗan asalin Offa da aka haifa a Gana a 1946. Ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya kammala a 1975, ya kuma zauna nan yana koyarwa. Ƙurar hunturu da dawakan hawan salla suna cikin abubuwan da ya zana. Ya rasu a haɗarin mota a 1995.

In kai ma kana da hannun zane, ga Tafkin Kainji da kwalekwalen bikin Rigata a gabanka. Fara da su.