Unguwar Girinic

A kudu maso gabashin birnin Landan, a bakin Kogin Tamis, akwai wata unguwa da ake kira Girinic. A tsakiyarta akwai kasuwa mai rufi, kantuna sun kewaye ta, ana sayar da abinci da tufafi da kayan da.

In ka bar kasuwa ka gangara bakin kogi, sai ka iske wani tsohon jirgin ruwa mai suna Cutty Sark. An ƙera shi cikin 1869, ya yi ta ɗauko ganyen shayi daga ƙasar Sin. Yanzu ya huta, ya zama abin kallo.

Amma abin da ya ɗaukaka sunan unguwar yana can bisa tudu. Cikin 1675 Sarki Calis na Biyu ya sa aka gina gidan nazarin taurari a wurin, don matuƙan jirage su san inda suke a teku. Cikin 1884 wakilan ƙasashe suka zaɓi layin da ya ratsa gidan nan ya zama mafarin awon gabas da yamma. Layin ya bi ta Tema, a ƙasar Gana.

To, yara, in kun ji an ce agogon GMT, lokacin Girinic ake nufi. Agogon Nijeriya da Nijar yana gaba da shi da sa'a guda.

Tambaya: In ƙarfe 12 ta yi a agogon GMT, ƙarfe nawa ke nan a Kano?